Ƙara da Kai Ƙara: Tarihin Amo a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Masu rubuta tarihin ƙasar Kano sun ba da ƙarfinsu ga sarauta da yaƙi da haraji da fatauci, watau abubuwan da su ke barin takarda ko ganuwa a bayansu. Amo kuwa ba ya barin kufai. Da zarar makaɗi ya ajiye gula, shi ke nan kiɗa ya wuce, saboda haka ba safai a ke tunawa da cewa abin da kunnen Bahaushe ya ke ji a unguwarsu shi ma yana da tarihi ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi wannan tarihi a ƙasar Gwarzo da Kabo. Ra'ayin da zan kare kuwa shi ne, amon da yana da mai shi, yana da lokacinsa, yana kuma ɗauke da saƙo. Ƙarar yanzu ta rabu da waɗannan abubuwa, jiki yana shan wahalarta, amma al'ada ba ta riga ta sa ta cikin cutar da a ke kai wa mai unguwa ba.

Gwarzo tana wajen mil 45 yamma da birnin Kano, bisa hanyar da ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta nufi Dayi a Jihar Katsina. Garuruwan wannan yanki tsofaffi ne. Kabo da Gammo da Masanawa da Godiya duk sun fito cikin labarin jihadin Kano, sa'ad da jama'ar Shehu suka yi sansani a Kwazazzabo a farkon ƙarni na 19. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, da fiye da 150,000 a ta Kabo. Amfanin duba irin waɗannan garuruwa shi ne, abin da ya shigo birni a hankali cikin shekaru masu yawa, su ya same su a makare kuma da sauri, har akwai tsofaffi da ransu waɗanda suka ji zamanin biyu da kunnensu.

Kalmomin da Hausa ta tanada

Ya kamata mu fara da harshe, gama abin da mutane suka raɗa wa suna shi ne abin da suka lura da shi. Sauti kalma ce da aka aro daga Larabci, ba ta da yabo ba ta da zargi. Amo ma haka ya ke, sai dai ya fi karkata ga abin da ya ke da daɗin ji ko kwarjini, kamar amon tambari. Amma in aka zo ga sautin da ya ke damun mutum, sai mu ga kusan duk kalmomin bakin ɗan Adam su ke nufi: surutu, hayaniya, hargowa, kwakwazo, ihu, kururuwa. Kowace ɗaya tana da mai yinta wanda za a iya ce masa ya yi shiru. Da inji ya zo, sai Hausa ta ɗauko masa kalmomi daga dabbobi da hadari, aka ce mota tana ƙugi, babur yana ruri, jirgi yana rugugi. Wannan aron yana da ma'ana, don ba wanda ya ke tsawata wa hadari. Abin da aka sa cikin wannan aji, an riga an yarda haƙuri za a yi da shi.

Saura kalma guda, ita ce ƙara. Ita ce sauti mai ƙarfi, ita ce kuma kukan da wanda aka zalunta ya ke kai wa alƙali. Asalin ma'anar ɗaya ne, watau ɗaga murya. (Ba a maganar aikatau ƙara na daɗi a nan, wannan karin sautinsa dabam ne.) Abin mamaki shi ne, harshen da ya haɗa abubuwan nan biyu cikin kalma ɗaya, masu shi ba su saba kai ƙara saboda ƙara ba.

Amon da

A zamanin da, sauti mai ƙarfi kayan sarauta ne, kamar alkyabba da sanda. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda (1421–1438) wani babban mutum da a ke kira Dagaci ya zo daga Barno da ganguna da ƙahoni da tutoci da bindigogi, kuma ga Muhammadu Rumfa (1463–1499) a ke danganta fara busa kakaki. Tambari da kakaki ba kowa a ke yi wa su ba. Talaka, kome dukiyarsa, ba shi da ikon sa a buga masa tambari. In aka ji shi, an san dalili: ko an ga wata, ko gobe salla, ko an naɗa sarki, ko za a fita yaƙi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma bisa wannan ma'auni ya yi hukunci. Cikin Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan Haɓe da shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wani dalili na shari'a ba, amma ya bar buga tambari domin tara runduna da sanar da tashinta ko saukarta. Abin da ya tambaya shi ne mene ne saƙon, ba ƙarfin amon ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka sa hakimai su bar birni su koma zama cikin gundumominsu, kowa ya tafi da makaɗansa da masu algaitarsa. Ta haka amon fada ya sami mazauni a garuruwa irin su Gwarzo.

Ƙasa da sarauta, kowace sana'a tana da kiɗanta, kuma ba a cakuɗa su. Kalangu na mahauta ne, in aka ji shi ranar kasuwa an san an yi yanka. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta gayya, kuge na shela da yaƙi. Guɗa tana faɗin an ɗaura aure ko an haihu. Ladan yana hawa da muryarsa kaɗai, iyakar inda ta kai nan ne iyakar jama'ar masallacin. Mata suna da nasu agogon: dakan safe, dakan yamma, da lugude in aiki ya yi daɗi. Hatta wasannin dare suna da wata da rana, tashe sai goma ga azumi, kiɗan dandali sai da farin wata bayan an kawar da amfanin gona. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda ta zauna a Zarewa kudu da wannan yanki, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga kiɗa ya cika littafin, amma kullum a ɗaure ya ke da wani sha'ani, biki ko kasuwa ko bori.

Ginin gari ma yana taimakawa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin azara suna da nauyi, sauti kuwa ba abin da ya ke tare shi kamar nauyin bango. Zaure da farfajiya suna raba ɗakin kwana da hanya. Masu sana'a su kan taru a unguwa ɗaya, shi ya sa har yanzu mu ke da unguwanni masu suna Maƙera da Marina da Majema, kasuwar ƙauye kuma sau da yawa a bayan gari ta ke ci.

Kada mai karatu ya zaci ana nufin garin da shiru ya ke kamar maƙabarta. Jaki yana kuka, zakara yana cara, almajirai suna karatu da iyakar muryarsu gefen wutar kara. Maƙeri kuma tun da can ya kan tsufa da nauyin kunne, kamar yadda likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, ya lura da maƙeran tagulla na ƙasarsu a 1713. Bambancin shi ne, duk wannan amo da ƙarfin damtse ko na huhu a ke yinsa. Damtse ya kan gaji, huhu ya kan gaji, dole a huta. Gajiyar mai yi ita ce dokar da ta tsare kunnen maƙwabci, ba tare da an rubuta ta ba.

Zuwan inji

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, amma reluwe bai bi ta Gwarzo ba, jiniyarsa ba ta taɓa zama agogon mutanen yamma ba. Lori ce ta fara kawo musu ƙugin inji, musamman lokacin cinikin gyaɗa da auduga. A 1944 aka kafa rediyo mai waya a birnin Kano, aka rataya akwatunan magana a wuraren taruwar jama'a. Ƙauyuka kuwa majigi ce ta kai musu, motar da ta ke zuwa da injin wutarta da amsa-kuwwarta, ta kwana ɗaya ta wuce. Haka kuma motocin jam'iyyu lokacin zaɓen 1959. Duk waɗannan baƙi ne, ana murna da zuwansu, kuma suna tafiya.

Wanda ya zo ya zauna shi ne injin niƙa, wanda ya bazu cikin garuruwa bayan samun mulkin kai. A nan dole a yi adalci. Ba wata na'ura da ta sauƙaƙa wa matan karkara rayuwa kamarsa, gama ya karɓe musu aikin sa'o'i a bakin turmi da dutsen niƙa. Amma da ya ke yara a ke aika da niƙa, dole ya zauna kusa, a tsakiyar unguwa, sau da yawa a shagon da ya haɗa bango da ɗakin wani. Tsohon tsarin nan na ware sana'a mai ƙara a gefe ɗaya, a nan ya fara rushewa. Sa'an nan bulo da kwanon rufi suka maye gurbin tubali da azara. Bulo mai rami bai kai katangar ƙasa tare sauti ba, kwano kuma sai ya ƙara masa amsawa.

Sauran sun biyo baya da sauri. Rediyo mai batir da kaset. Lasifika a masallatai, waɗanda yawansu ya ƙaru ƙwarai bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sa'ad da unguwa ɗaya ta kan sami masallaci fiye da ɗaya. Babura masu araha daga Sin da Indiya. Sai janareta, saboda rashin tsayayyar wutar lantarki. Ƙaramin janaretan nan na fetur, mutanen Kudu sun yi masa laƙabi da Turancin kasuwa mai ma'anar "na fi maƙwabcina", sunan kuwa ya faɗi gaskiya, don mai shi yana da haske, maƙwabci yana da hayaƙi da ƙara. Da wayar hannu ta shigo a 2001, sai shagunan cajin waya da gidajen kallon ƙwallo suka ƙara yawan injunan da su ke kai wa tsakar dare. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni da kewaye, saboda tsaro, amma a garuruwan waje acaɓa ya ci gaba da zama abin hawan kowa.

Game da lasifikar masallaci, ya kamata a rarrabe. Kiran salla na cikin tsohon tsari ne sosai, an san mai yi, an san lokaci, an san saƙo, cikin 'yan mintoci an gama. Abin da ya ke sabo shi ne barin na'ura a buɗe sa'o'i da dare, ko masallatai biyu su riƙa wa'azi lokaci guda har ba a fahimtar ko ɗaya. Akwai hadisi cikin Muwaɗɗa da ya hana masu salla ɗaga murya bisa juna da karatu, kuma a 2021 hukumomin Saudiyya sun taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, suka ce kada a wuce sulusin ƙarfinta. Masu kiɗan biki da na'ura da masu tallan magani a mota ranar kasuwa su ma suna da nasu kason, mai yawa kuwa.

Abin da ƙara ta ke yi wa jiki

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da a ke kira desibel. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Lissafinsa ba irin na mudu ba ne, kowane ƙarin 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da cewa desibel 85 na sa'a 8 a yini shi ne iyaka, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi: 88 sa'a 4, 91 sa'a 2, 94 sa'a 1. Awon da aka yi a kasuwannin Nijeriya ya sha nuna injin niƙa yana wuce 90 a inda mai injin ya ke tsaye. Yaron da ya wuni yana zuba hatsi a bakin inji, ya ci rabonsa na yini tun kafin hantsi.

Can cikin kunne akwai waɗansu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne su ke juya girgizar iska ta zama ji. Ƙara mai tsanani tana kashe su, waɗanda suka mutu kuwa ba sa sake tsirowa. Ba jini, ba zafi, sai dai mutum ya ji kunnensa yana shuu bayan ya tashi daga aiki. A 1962 likita Samuel Rosen ya ba da labarin awon da ya yi wa Mabaan, wata al'umma a ƙasar da yanzu ta ke cikin Sudan ta Kudu, waɗanda ba su san inji ba, ya tarar tsofaffinsu sun fi tsararrakinsu na Amurka ji nesa ba kusa ba. An yi gardama daga baya bisa shekarun mutanen da irin abincinsu, duk da haka binciken ya sa aka fara shakkar cewa nauyin kunne duk laifin tsufa ne.

A nan ilmin harshe yana da abin faɗa. Ɓarnar ƙara ta kan fara daga sautuka masu kaifi, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, inda baƙaƙe irin su s da sh da ts da f su ke. Wasula da karin sauti kuwa a ƙasa su ke, sun fi daɗewa ba su taɓu ba. To, Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka wanda kunnensa ya fara lalacewa zai ci gaba da jin hawa da saukar magana daidai, kamar mai sauraron kalangu, amma sara da shara da tsara su riƙa rikice masa. Shi ya sa irin wannan mutum ba ya yarda an ce ba ya ji. Abin da ya kan ce shi ne mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. A ganina wannan yana cikin dalilan da su ke ɓoye yawan masu wannan larura a cikinmu.

Ba kunne kaɗai ba. Ido yana rufewa in an yi barci, kunne ba ya rufewa. Ko mutum bai farka ba, ƙara tana sa bugun zuciya ya ƙaru, barci ya yi sama-sama, in an daɗe a haka kuma tana da hannu cikin hawan jini da ciwon zuciya. Wanda ya ce ya saba, hankalinsa ne ya saba, jijiyoyinsa ba su saba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 kada ɗakin kwana ya wuce desibel 30 da dare, aji kuma kada ya wuce 35 lokacin darasi. A 2011 ta ƙiyasta cewa ƙarar ababan hawa tana cinye aƙalla shekaru miliyan ɗaya na rayuwa cikin lafiya kowace shekara a yammacin Turai, ƙasashen da tagoginsu su ke da gilashi. A ƙasarmu kuwa da bazara a tsakar gida a ke kwana.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne wannan magana ta fi shafa. A 1975 Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a Niyok wadda jirgin ƙasa ya ke wucewa ta gefenta. Yaran aji shida na ɓangaren da ya ke fuskantar dogo sun kasance baya da kusan shekara guda a karatu, in an gwada su da na ɗaya ɓangaren. Da aka sa roba a dogon, aka gyara rufin azuzuwan, bambancin ya ɓace. Makarantun da aka gina a bayan gari a Gwarzo da Getso da Garo da makamantansu, gari ya kan bi su ya kewaye, har tasha da bakanike su zama maƙwabtansu. Yaron da a ke koya wa bambancin dogon wasali da gajere, ko a ke koya masa Turanci wanda bai taɓa ji a gida ba, ba shi da abin da zai cike gurbin kalmar da babur ya haɗiye. Malami kuwa sai ya rubuta masa daƙiƙi.

Me ya hana kai ƙara?

Ba rashin doka ba ne. An kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta tarayya, NESREA, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin hana ƙara: unguwar zama zalla desibel 50 da rana, 35 da dare, unguwar da ta haɗa zama da ciniki 55 da rana, 45 da dare. Amma talakan Kabo ba ta wannan hanya ya ke neman hakkinsa ba. Hanyarsa ita ce mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. Abubuwan da aka saba kai musu kuwa sanannu ne: indararo yana zuba a bangon wani, kwata ta tare hanya, akuya ta shiga gona, an ci iyaka. Duk ana iya zuwa a gani da ido.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da fuskantar wannan matsala. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar nan su ke riƙe da ita, tana da fasali game da cutar da maƙwabci. Hayaƙi da wari ba a yi saɓani mai yawa a kansu ba, amma sauti an yi, har da yawa daga cikin malamai suka tafi bisa cewa ƙara ita kaɗai ba ta isa a hana mutum sana'arsa ba, sai in girgizarta tana cutar da bango. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai su kan aika ya duba gine-gine, ya bayyana dabarar gane haka: a rataya takarda da zare huɗu daga rufin da ya ke bisa bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyin kusbara, a sa dabba ta juya dutsen niƙa, in ƙwayoyin suka motsa, cuta ta tabbata. Dabara ce mai kyau, amma bango ta ke karewa. Malaman nan sun yi hukunci da sanin zamaninsu, lokacin da dutsen niƙa jaki ne ya ke juya shi, kuma ba wanda ya san ƙara tana kashe wani abu a cikin kunne. Tun da yanzu an sani, ni ina ganin ƙa'idarsu ta kawar da cuta ta isa ta hau kan injin niƙa ba tare da an ƙara mata kome ba.

Sauran dalilan na zumunci ne. Mai injin ɗan'uwa ne ko suruki, injin hanyar abincinsa ce, mai ƙorafin ma a nan a ke yi masa niƙa. Wanda ya yi maganar lasifika yana tsoron a ce da addini ya ke faɗa. Haƙuri da kunya, waɗanda su ke ginshiƙan mutumin kirki, sun dace da amon da zai ƙare in makaɗi ya gaji, sai ga shi ana yin su ga abin da ba ya gajiya. Waɗanda suka fi shan wahalar kuma su ne waɗanda ba sa zuwa zauren mai unguwa: matan kulle da su ke wuni bayan bangon shagon inji, da jarirai, da marasa lafiya, da tsofaffi.

Sauƙin da aka samu kwanan nan ba daga doka ya zo ba. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, masu ƙananan janareta da yawa suka rage kunna su, masu shagon caji da masu hali suka koma ga faifan hasken rana, wanda ba ya ƙugi ko kaɗan. Injin niƙa yana nan inda ya ke. Lasifika kuwa, da can ɗaukewar wuta ko ƙarewar mai ta kan sa ta yi shiru, yanzu ta sami batir da rana ta ke cika mata kyauta.